Queen: Makaɗan da Suka Mai da Jama'a 'Yan Amshi

Buga ƙafa sau biyu, tafi sau ɗaya, a ɗan saurara, a sake. Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon babban wasan ƙwallo ko dambe ya ji wannan kiɗa, ko da bai san sunansa ba. Babu ganga a cikinsa, babu wani kayan kiɗa, ƙafa ce kawai da tafin hannu. Yaro ɗan shekara huɗu yana ɗaukarsa a ji ɗaya, tsoho ma haka. Da yawa sun ɗauka tsohon kiɗan 'yan kallo ne da ya taso da kansa a filayen wasa, ba shi da mai shi. Alhali kuwa akwai wanda ya zauna ya tsara shi da gangan. Sunansa Brian May, mai kaɗa jita a ƙungiyar Queen ta Ingila, kuma a 1977 ya yi wannan aiki, a waƙar da ake kira "We Will Rock You".

Ƙungiyoyin kiɗan rok da suka yi tashe a Ingila cikin shekarun 1970 suna da yawa, kowace da inda ta fi ƙarfi. Led Zeppelin an san su da nauyin ganga da ƙarajin jita, Pink Floyd da dogayen waƙoƙi masu sa tunani. Abin da Queen suka iya, wanda a ganina ba wanda ya kamo ƙafarsu a kai, shi ne sa taro ya yi waƙa. Ba ina nufin 'yan kallo su riƙa bin mawaƙi da baki don sun haddace baitinsa ba, wannan yana faruwa a ko'ina. Ina nufin a gina waƙa tun daga tushe da gurbin jama'a a cikinta, ta yadda in babu su ba ta cika ba, sannan a samu mutumin da zai tsaya gaban dubban baƙin fuska ya sa su cike gurbin nan a kan kari, ba tare da an taɓa koya musu ba. Wannan sana'a ce mai dokokinta, kuma sai da Queen suka yi shekaru suna lalube kafin su gano ta.

Mutum huɗu ne, kuma ba wanda ya fito daga gidan kiɗa. Brian May ilimin taurari yake karantawa a Kwalejin Imperial ta Landan. Roger Taylor, mai ganga, ya fara da karatun likitan haƙori kafin ya sauya. John Deacon, mai jitar bes mai kaurin murya, ya karanci haɗa kayan lantarki. Shi kuwa mawaƙin, Freddie Mercury, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, an haife shi a tsibirin Zanzibar ranar 5 ga Satumba, 1946, iyayensa Farisawan Indiya ne. A Indiya ya yi makarantar kwana, a garin Panchgani, inda ya koyi fiyano. Juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya sa iyalin suka yi ƙaura zuwa Feltham, a gefen Landan. Ya karanci zane a kwalejin Ealing, kuma akwai lokacin da shi da Roger suke da rumfar kayan gwanjo a kasuwar Kensington. May da Taylor suna da wata ƙungiya mai suna Smile. Da mawaƙinsu ya tafi a 1970, Freddie ya shiga, ya raɗa musu sabon suna. Deacon ya iso a 1971, faifansu na farko ya fito a 1973.

Ya kamata a ɗan tsaya kan jitar May, domin ita ce rabin sautin Queen. Bai saye ta ba, ba kuɗin. Shi da mahaifinsa Harold, injiniyan lantarki, suka ƙera ta a gida, suka fara a 1963 suka kai kusan shekara biyu. Wuyanta daga katakon wani tsohon murhun jin ɗumi aka sassaƙa shi, katakon da ya haura shekara ɗari. Akwai ƙarafan babur a cikinta, akwai maɓallan riga daga kwandon ɗinkin mahaifiyarsa. Har yau da ita yake wasa, kuma da tsohon sisin Ingila yake kaɗa tsirkiyarta maimakon ɗan robar da sauran makaɗa suke riƙewa, saboda gefen sisin yana da ƙananan haƙora da ke ba sautin wani kaifi. Deacon ma ya tsinci wani allon lantarki a kwandon shara a titi, ya haɗa shi da wata ƙaramar lasifika, May ya riƙa jona jitarsa a ciki yana fitar da sautin goge da kakaki da sarewa. Shi ya sa a bayan faya-fayensu na shekarun 1970 suke rubuta cewa ba su yi amfani da na'urar kwaikwayon sauti ba, don kada a zaci inji ne ya yi abin da hannu ya yi.

Taron farko da Queen suka haɗa, a cikin situdiyo suka haɗa shi, da muryoyi uku kacal. Freddie da Brian da Roger ne suke waƙa, Deacon ba ya sa baki. Allah ya haɗa su da muryoyin da suka dace da juna: ta Roger siririya ce mai kaifi, tana hawa sama ƙwarai, ta Brian mai laushi ce da ɗumi, ta Freddie kuwa tana tsakiya da ƙarfi kamar ƙararrawa. Dabararsu ita ce su ukun su tsaya gaban makirufo ɗaya su rera layin murya guda tare, a ɗauka, su sake, a ɗora a kan na farko, su kuma sakewa. Daga nan su koma layi na biyu, wanda ya ɗan fi na farko tsayi, su yi masa haka, sannan na uku. Kafin a ankara mutum uku sun zama gungun mawaƙa. Wahalar abin ita ce dole kowane maimaici ya faɗa daidai kan na baya, numfashi kan numfashi, harafi kan harafi. In ɗaya ya rigaya ko ya makara da ƙiftawar ido, aikin ya dagule.

A "Bohemian Rhapsody" suka kai wannan dabara ƙarshenta. Sun fara ɗaukar waƙar a watan Agustan 1975 a situdiyon Rockfield da ke yankin Wales, tare da mai haɗa sauti Roy Thomas Baker, suka shafe makonni a kanta. A lokacin babu kwamfuta a wannan aiki. Tef ne mai layi 24, in ya cika sai a tattara layuka da yawa a juye su cikin ɗaya don a samu wuri, kuma abin da aka juye ya juyu ke nan, ba gyara. Sun yi ta maimaita tef ɗin a kan injin har May ya ce da suka ɗaga shi sama, haske yana ratsa shi saboda cinyewa. Waƙar ta fito ranar 31 ga Oktoba, 1975, tsawonta kusan minti shida, a zamanin da gidajen rediyo suka saba da waƙar minti uku. Masu kamfani sun so a datse ta, Queen suka ƙi. Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon Capital, Kenny Everett, ya sa ta sau 14 cikin kwana biyu, mutane suka yi ta zuwa shaguna suna tambaya. Ta yi mako tara a saman jerin waƙoƙin Birtaniya.

Sai dai wannan taro na tef ba ya hawa dandamali. Sashen tsakiyar waƙar, inda muryoyi suke ta jifan juna daga dama da hagu, mutum huɗu ba za su iya rera shi kai tsaye ba. Queen ba su yi ƙaryar suna iyawa ba. In an kai wurin, sai su sauka daga dandamali gaba ɗaya, a kunna tef da fitilu, su dawo lokacin da jita za ta shigo. Abin da suka lura da shi kuwa, jama'a ba sa yin shiru a wannan tsakani. Suna rera sashen da kansu, suna raba muryoyin a tsakaninsu.

Da farko wannan bai yi wa 'yan ƙungiyar daɗi ba. Sun sha wahalar tsara muryoyinsu, suna so a saurara. May ya sha faɗin cewa a wancan zamani makaɗan rok masu ji da kansu so suke a natsu a ji su, bin waƙa da baki abin 'yan ƙananan mawaƙa ne. Abin ya sauya a watan Mayun 1977, a zauren Bingley da ke garin Stafford. A daren nan jama'a sun bi kusan kowace waƙa, kuma da aka gama, ƙungiyar ta sauka, maimakon su yi ta tafi suna neman ƙari, sai suka ɗauki "You'll Never Walk Alone", waƙar da magoya bayan Liverpool suke yi a filinsu, suka rera wa makaɗan. May da Freddie suka koma gida da tambaya ɗaya: tunda ba za a hana su ba, me za a ba su su yi?

Amsar May ita ce ta fi burge ni, saboda tunanin masanin kimiyya ne da ya san halin mutane. Ya dubi ɗan kallo a cikin cunkoso: a tsaye yake, an matse shi gaba da baya, ba ya iya rawa, ba ya riƙe da komai. Abin da ya rage masa ƙafa ce, da hannu, da murya. To, da waɗannan ukun za a gina waƙar. Sannan ya sa kiɗan ya tafi a hankali, bugu kusan 80 a minti, da ɗan shiru bayan kowane tafi. Akwai dalili. Sauti yana tafiyar mita kusan 340 ne a daƙiƙa, don haka wanda yake mita ɗari daga dandamali yana jin bugun ne bayan kusan sulusin daƙiƙa. In kiɗa yana da sauri, na gaba da na baya ba za su taɓa haɗuwa ba, sai hayaniya. In yana da nauyi da sarari, ɗan jinkirin nan ba ya ɓata komai, ƙara masa kauri ma yake yi. Shirun da ke bayan tafin shi ne wurin da taro yake tattara kansa kafin bugu na gaba.

Haka ma wajen ɗauka. A situdiyon Wessex na Landan suka yi, suka tattaka wasu tsofaffin katakai da suka samu a wurin, suka tafa, suka maimaita. May bai so ya ji kamar amsa-kuwwa a babban ɗaki ba, ya so mai sauraro ya ji kamar yana tsakiyar mutane, wasu kusa wasu nesa. Sai ya sa aka jinkirta kowane maimaici da tazara daban, tazarar da ba ta ninka wata, don kada kunne ya kama wani tsari. Waƙar minti biyu ce, jita ba ta shigowa sai a ƙarshe. Amshinta gajere ne, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka sosai, ta yadda wanda bai iya waƙa ba ma ba zai ji kunya ba.

Freddie ya kawo tasa amsar, "We Are the Champions", aka fitar da su biyun a faifai ɗaya a watan Oktoban 1977. Ita kuma ginin ta daban ne. Tana farawa da murya ɗaya da fiyano, mutum ɗaya yana ba da labarin wahalar da ya sha, sannan a amshi maganar ta koma ta jam'i, ta zama ta kowa. Karinta na rausaya ne, irin wanda ke sa mutane su dafa kafaɗun juna suna lilo dama da hagu. Wani abin lura, a faifan asali amshin ƙarshe bai ƙarasa ba, Freddie ya bar kalmomin ƙarshe a rataye. Mutane da yawa za su rantse sun ji ya faɗe su, alhali su ne suke ƙarasawa a ransu. Shekara kusan hamsin ke nan, in an ɗaga kofi a filin ƙwallo, da wuya a tashi ba a sa ta ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan harka. Wanda ya saurari Mamman Shata ya san cewa amshi shi ne ginshiƙin waƙa: Shata yana yawo, yana kawo zance daga gabas da yamma, amma masu kalangu suna nan suna dawo da layi ɗaya, kuma a kan layin nan ne mai sauraro yake hutawa. Bambancin shi ne 'yan amshin Shata mutanensa ne, sun yi shekaru tare, sun san numfashinsa. Freddie kuwa kowane dare sababbin 'yan amshi yake samu, dubu hamsin ko ɗari, wasu ko Turanci ba sa ji, kuma a cikin minti biyu zai horar da su.

Yadda yake horarwar abin kallo ne. A tsakiyar wasa sai kiɗa ya tsaya cak. Ya zo bakin dandamali da guntun sandar makirufonsa, wadda ba ta da gindi, ya jefa wani gajeren sauti marar kalma, wasula biyu kawai. Jama'a su mayar. Rashin kalmar nan shi ne sirrin farko, domin babu wanda harshe zai hana. Ya sake jefa wani, ya ɗan fi tsawo. Su mayar. Ya hau sama, su bi shi. Ya sauko ƙasa, su sauko. A kowane mataki yana ba su abin da ya ɗara na baya kaɗan, ba da yawa ba, don kada su faɗi tun da wuri su ji kunya su yi shiru. In ya ga sun saki jiki, sai ya riƙe sauti ɗaya ya ja shi har numfashin kowa ya kusa ƙarewa, su ma su gwada. Daga ƙarshe ya kwararo wasu sautuka da sauri, irin waɗanda ya san ba za su iya ba, su yi ta tuntuɓe suna dariya, shi ma ya yi dariya, ya yaba musu. Daga wannan lokaci taron ya zama nasa. Kowa ya ji muryarsa a cikin ta dubbai, ya ji ba a yi masa dariya ba, ba zai ƙara jin nauyin buɗe baki ba har a tashi.

Jikinsa ma yana cikin aikin. A babban fili, wanda yake can baya ba ya ganin fuskar mawaƙi, ɗan tsinke kawai yake hangowa. Freddie ya san haka, shi ya sa duk motsinsa babba ne: ya miƙe hannu sama da dunƙulallen hannu, ya buɗe ƙafafu, ya jefa kai baya, ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu sun ɗauka taƙama ce kawai. Akwai taƙama a ciki, ba musu, amma ishara ce ga na baya, yana gaya musu lokacin shiga da lokacin tsayawa. Waɗanda suka san shi sun ce a gida mutum ne mai kunya, ba ya son yawan hira da 'yan jarida.

Ya kuma san lokacin yin shiru, kuma wannan ya fi wuya ga mai irin muryarsa. "Love of My Life" waƙar soyayya ce mai sanyi, a faifansu na 1975 da fiyano aka yi ta. Don dandamali suka sake mata tsari, May ya zauna da jitar katako mai tsirkiya 12, Freddie ya tsaya kusa da shi. Zai fara baiti, in ya ji jama'a sun ɗauka, sai ya janye makirufo daga bakinsa ya riƙa kaɗa musu hannu. A 1981 suka zagaya Kudancin Amurka, suka cika filayen ƙwallo a Ajantina da Birazil, inda mutanen da harshensu Sifaniyanci ne ko Fotugis suka rera waƙar nan da Turanci tun daga farko har ƙarshe. A Janairun 1985, a bikin Rock in Rio, taron da aka ƙiyasta ya kai mutum 250,000 ya yi haka. A Budapest kuwa, a 1986, lokacin Hangari tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, Freddie ne ya koyi wata tsohuwar waƙar gargajiyarsu, ya rubuta kalmomin a tafin hannunsa, ya fara, filin ya karɓe.

Ba kowa wannan ƙarfi ya yi wa daɗi ba. Masu sharhin kiɗa da yawa a Ingila da Amurka ba su taɓa ƙaunar Queen ba. Wani marubucin mujallar Rolling Stone, Dave Marsh, a 1979 ya kwatanta su da 'yan mulkin kama-karya, kuma bidiyon "Radio Ga Ga" na 1984, inda ɗaruruwan mutane suke ɗaga hannu suna tafi sau biyu a tare, ya ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja. Na fahimci tsoron. Turai ta ga abin da mutum ɗaya a kan dandamali zai iya yi da taro mai biyayya. Amma ban yarda da hukuncin ba. Ɗan kama-karya yana so taro ya maimaita maganarsa don ya tabbatar da ikonsa. Freddie sautin da ba ya nufin komai yake bayarwa, kuma ƙarshen wasan dariya ce. Inda na yarda da masu suka shi ne batun Afirka ta Kudu. A Oktoban 1984 Queen suka je suka yi wasanni a Sun City, a lokacin da duniya ta ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunansu a jerin waɗanda suka karya ƙauracewar. Sun kare kansu da cewa ba ruwansu da siyasa, kuma masu kallonsu a can baƙaƙe da farare haɗe suke. Wannan uzuri bai gamsar ba. Tabo ne a tarihinsu, kuma Roger Taylor da kansa ya amsa daga baya cewa kuskure ne.

Da wannan tabo a jikinsu suka isa ranar 13 ga Yuli, 1985, ranar Live Aid, wasan da Bob Geldof da Midge Ure suka shirya don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Mutum 72,000 ne a filin Wembley, kuma an ƙiyasta masu kallo a talabijin sun haura biliyan ɗaya. Duk abin da Queen suka saba dogara da shi babu shi a ranar. Da sauran hasken rana suka hau, don haka fitilunsu ba su da amfani. Jama'ar ba tasu ba ce su kaɗai, akwai waɗanda suka zo don David Bowie, ko U2, ko The Who, ko Elton John, ko Paul McCartney. Kowace ƙungiya minti kusan 20 aka ba ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Queen sun kama gidan wasan Shaw a Landan suka yi kwanaki suna gwaji da agogo a gabansu, suka datse waƙoƙi shida suka ɗinke su, ba tare da ɓata daƙiƙa a surutu ba. Tsarin da suka bi darasi ne. Freddie ya fito da farar singileti da wandon jins, ya zauna a fiyano ya fara da "Bohemian Rhapsody", wadda ba wanda bai sani ba, don haka tun baiti na farko bakin kowa ya buɗe. Kafin ta kai sashen da ba ya reruwa, suka zarce "Radio Ga Ga", sai ga hannuwa dubu saba'in da wani abu a sama suna tafi a tare. A hoton da aka ɗauka daga sama, ana ganin tafin yana tafiya daga gaba zuwa baya kamar igiyar ruwa, wannan jinkirin sauti ne da ido yake iya gani. Sai da ya tabbatar murya da hannu duk sun shigo, sannan ya tsayar da kiɗa ya yi kiransa da amshi. Suka bi da "Hammer to Fall" da "Crazy Little Thing Called Love", suka rufe da tagwayen 1977, "We Will Rock You" da "We Are the Champions". Minti 21 ke nan. A 2005 wata ƙuri'a ta masana harkar kiɗa a Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin wasan rok na kai tsaye da ya fi kowane.

Shekara ɗaya kawai ta rage musu a dandamali. Wasansu na ƙarshe su huɗu shi ne na Knebworth, ranar 9 ga Agusta, 1986. Freddie ya kamu da cutar ƙanjamau, ya ɓoye wa duniya, ya ci gaba da shiga situdiyo har lokacin da tsayuwa take yi masa wuya. Ya sanar da ciwon ranar 23 ga Nuwamba, 1991, washegari ya rasu yana da shekara 45. "Bohemian Rhapsody" ta sake hawa saman jerin waƙoƙi, kuma a Afrilun 1992 aka yi babban wasan tunawa da shi a Wembley, aka kafa gidauniyar yaƙi da cutar da kuɗin da aka samu. Deacon ya janye daga harkar a 1997. May ya koma ya ƙarasa digirinsa na digirgir a ilimin taurari a 2007, shekara talatin da wani abu bayan ya ajiye shi, kuma shi da Taylor sun ci gaba da wasa, da mawaƙi Paul Rodgers, sannan da mawaƙi Adam Lambert.

A nan ne ake gane ingancin aikin, domin waƙar da aka gina a kan mawaƙi kaɗai takan raunana in ya tafi. A bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012, aka haska hoton Freddie a babban allo yana kiran amshin da ya yi a wani wasansu na Wembley a 1986, filin ya amsa masa sauti bayan sauti, kusan shekara 21 bayan rasuwarsa. A Yulin 2017, a dandalin Hyde Park, mutum kusan 65,000 suna jiran wata ƙungiyar Amurka, Green Day, aka sa "Bohemian Rhapsody" a lasifika don cike lokaci. Ba kowa a dandamali, ba mai kaɗa hannu, suka rera ta duka, har da kwaikwayon jitar May da baki, kuma yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ta fito. Fim ɗin tarihin ƙungiyar na 2018 ya tara fiye da dala miliyan 900, Rami Malek, wanda ya fito a matsayin Freddie, ya samu lambar Oscar da shi. Faifansu na Greatest Hits na 1981 shi ne wanda aka fi saya a tarihin Birtaniya.

Wasan Queen na Live Aid yana nan a YouTube cikakkensa. Ina ba matasan mawaƙanmu shawara, da duk wanda sana'arsa tsayawa gaban taro ce, su kalle shi sau biyu. A karon farko a kalli Freddie. A karo na biyu a bar shi, a sa ido kan jama'a, musamman na can ƙarshen fili, a ƙirga sau nawa ya ba su wani abin yi cikin minti 21 ɗin nan.